Taku Ashirin da Uku

Talata, bayan azahar. Saura kwana ashirin.

Malama Rosnah ta masallacin Bedok, wadda ta koya mini rubutu ina da shekara hamsin da biyu, ta ce in rai ya cika a zuba shi a takarda. To ga shi ina zubawa.

Mutanen gida. Ni Salbiah lafiya lau, alhamdulillahi. 'Yata Norlia tana Johor wajen mijinta, lafiya lau, cikinta ya shiga wata bakwai. Kyanwarmu Tompok ba ta da lafiya, kwana biyu tana amai. Anti Poh ta ƙofar kusa gwiwa na damunta. Ɗana Zulhairi, da muke kira Hairi, lafiya lau.

Na rubuta lafiya lau. Na daɗe ina kallon kalmar.

An manna takarda a jikin lif ɗin benenmu, mai hawa da mu sama. Sai da na karanta ta sau uku da yatsa kafin na gane. Daga ɗaya ga wata, wanda bai kai shekara saba'in ba ba zai hau keken batir a hanya ba sai da takardar likita mai cewa ƙafa ba ta ɗaukarsa. Wanda aka kama ba takarda, tara, ko a ɗauke keken. Gudu kuma kada ya wuce na mai tafiya da sauri.

Hairi shekararsa talatin da ɗaya. Jiya mun je asibitin unguwa neman takardar. Ba mu dawo da ita ba. Abin da ya faru a can ba zan rubuta shi yau ba.

Laraba, da hantsi. Saura goma sha tara.

Ya fita aiki. Bai ci komai ba. Na ɗora masa shinkafar kwakwa da ƙwai a ganye, ya bar ta kan tebur.

Aikinsa kai abinci. Waya ta yi ƙara, ya karɓo abinci a rumfunan kasuwa, ya kai gidajen mutane a kan keken. Shekara uku ke nan. Tun da aka ce za a rage gudu ya sa wa keken suna Kunkuru. Yana goge shi kullum da tsummansa daban, ba ya yarda in taɓa.

Ciwon a jijiya yake, tun yana ɗan shekara goma sha tara. Da safe yana miƙewa kamar kowa. Kafin la'asar ƙafafun sun zama taliyar da ta daɗe a ruwa. Daga gadonsa zuwa banɗaki taku goma sha ɗaya. Daga ƙofarmu zuwa lif ashirin da shida. Na ƙirga. Tun da na iya rubuta lamba nake ƙirga masa, bai sani ba.

Alhamis, bayan magariba.

Shiru. Tompok ta daina amai.

Juma'a, bayan la'asar. Saura goma sha bakwai.

Anti Poh ta tare mu a ƙasan bene a kan nata keken ja. Shekararta saba'in da huɗu, ita doka ba ta neme ta da takarda ba, kuma ta fi kowa gudu a unguwar nan.

Ta ce, "Kai angona, me ya sa fuska kamar an kwana da kifi a rana? Ka aure ni kawai mu huta. Shekaruna sun ishe mu mu biyu."

Hairi ya ce, "Anti, ke da kika ture kwandon shara biyu ranar Asabar? In na hau bayanki ai sai makabarta."

"Kwandon ne ya shigo hanyata! To in ara maka gashina na jabu da rigata mai furanni, wa zai tsayar da tsohuwa?"

Ya yi dariya. Rabonsa da dariya tun Litinin. Amma da muka shiga lif, ƙofa na rufewa dariyar ta ɗauke kamar an kashe fitila. Haka muka kai hawa na goma sha ɗaya, gidanmu.

Asabar, da rana.

Ya faɗi a kicin. Taku bakwai. Ya ce santsi ne. Ƙasan a bushe yake, ni na goge shi da hannuna.

Lahadi, bayan asuba. Saura goma sha biyar.

Bari in rubuta, ko zan iya haɗiye abinci.

Tsohon likitan da ya san Hairi ya bar aiki bara. Takardun farkon ciwon kuwa suna wani asibiti a Johor, tun mahaifinsa na da rai, kuma asibitin ya rufe. Saboda haka wadda za mu gani baƙuwa ce, Likita Menon, yarinya ce, ba ta fi Norlia ba.

Ni na zaɓi lokacin. Aka ce safe ko yamma, na ce safe, ƙarfe takwas, don kada ya sha wahala. Ni na hana shi aiki kwana biyu don ya huta. Ni na goge masa rigar sallah mai ruwan toka, na sa ya yi aski. Uwata ta koya mini cewa ba a zuwa gaban manya a yamutse. Da muka isa ƙofar ɗakin likita, ni na ce masa, "Bar keken a nan, ka shiga da ƙafarka kamar ɗan mutane. Kada a ce uwarka ta bar ka ka lalace."

Ya kalle ni. Ya sauka. Taku tara ne zuwa kujera, ya yi su tsaf, kai a sama. Wallahi a lokacin daɗi na ji.

Likitar ta gaishe ni da harshenmu, don ta ga ba na bin Turanci. Ta kira ni Mak, wato Mama, kamar yadda 'ya'yana ke kirana. Ta ce, "Mak, yaya yake a gida? Yana iya zirga-zirga?"

Na ce, "Alhamdulillahi, lafiya lau. Yana tafiya. Har aiki yake yi."

Ta ce, "Yana faɗuwa?"

Na ce, "Allah ya kiyaye."

Abin da na ce ke nan. Ban ce a'a ba. Na ce Allah ya kiyaye. Ita kuma ta rubuta a'a.

Ta juya ga Hairi, ta tambaye shi da Turanci. Ya dubi ƙasa ya ɗaga kafaɗa. Ba zai ƙaryata uwarsa a gaban baƙuwa ba. Ni na tarbiyyantar da shi haka.

Ta buga masa gwiwa da 'yar guduma, ta sa ya je bango ya dawo, ya je ya dawo. Sannan ta ce, da ladabi sosai, abin da ta gani da abin da ta ji bai isa ta sa hannu ba. Za ta tura shi babban asibiti a yi gwajin jijiya. Layin gwajin wata huɗu.

Wata huɗu.

A hanyar dawowa, a bakin tashar bas, ya tsayar da Kunkuru ya ce, "Mak, tunda lafiyata lau, ki hau ke, ni in bi ki da ƙafa."

Litinin, bayan azahar. Saura goma sha huɗu.

Norlia ta bugo. Ta ce, "Mak, wata huɗu ne kawai, ya zauna a gida mana, ba mutuwa ba ce."

Na ce kada ta sake faɗin wannan kalmar.

Ita ba ta nan waccan shekarar. Tana amarci. Ba ta ga ɗakin ba, ba ta ji warinsa ba. Ba ta san kwana nawa kwano ke fitowa yadda ya shiga ba. Kafin keken nan ya shigo gidan nan Hairi ya yi wata ashirin bai ga rana ba sai ta taga.

Taga. Makullin ƙarfen tagar kicin yana wuyana a zare tun waccan shekarar. Da shi nake wanka, da shi nake salla. In zan shanya kaya a sandar gora in buɗe, in tura sandar waje, in rufe, in ja ƙarfen sau biyu in tabbatar. Na gaya wa Norlia saboda kyanwa ne.

Talata, da hantsi.

Ya fita. Ya dawo. Taku goma sha ɗaya, sai bango.

Laraba, bayan la'asar. Saura goma sha biyu.

Yau na bi shi kasuwa don in sayi kifi. Da ban bi ba.

Ya tsaya a rumfar mai taliya. Kantar tana da tsayi, sai ya miƙe daga keken ya karɓi ƙullin abincin. Taku biyu. Wani mutum mai farar riga da ke shan shayi ya ɗaga waya yana ɗaukarsa.

"Ga su nan! Ka gan shi ko? Ƙato lafiyayye, ya miƙe ya zauna. Irinku ne kuka sa aka kawo doka. Saura kwana kaɗan, malam, ka more!"

Mai taliya ta ce, "Kai, bar yaron nan, na san shi."

"Kin san shi? Ni ma na san shi. Jiya irinsa ya kusa take jikata a hanya."

Ban ce jikarsa ƙarya ba ce. Akwai masu hawa don lalaci, suna gudu kamar an koro su, kowa ya gani. Amma ba ɗana ba.

Ina tsaye da kifi a hannu. Bakina ya buɗe. Abin da ya kamata in ce shi ne, ɗana ba shi da lafiya. Kalma biyar. Sai na ji kaina ina cewa, "Ka ji tsoron Allah, malam."

Hairi ya sa abincin a akwati, ya kai wa mai shi. Bai makara ba. Da ya dawo ya sa Kunkuru a caji, ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa. Rabon ƙofar nan da rufuwa da rana shekara uku.

Alhamis, da safe. Saura goma sha ɗaya.

Bai fita ba. Waya tana ta ƙara a kan tebur har ta gaji.

Alhamis, bayan azahar.

Na koma asibitin ni kaɗai. Tun daga gida nake maimaitawa a bas: yana faɗuwa, yana faɗuwa, yana faɗuwa. Matar da ke teburin karɓar mutane ta ce likita ba ta da gurbi sai wani watan, amma in faɗi saƙo ta rubuta. Mace ce mai fara'a. Ta ce, "Yaya jikin ɗan naki?"

Na ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ta yi murmushi ta ce, "Madalla. To mene ne saƙon?"

Na tsaya. Mutane na bayana a layi. Na ce a gaishe da likita.

Na zauna a bencin waje na mari bakina. Wata tsohuwa ta matsa nesa da ni.

Uwata a tsibiri ta haife mu, mu tara, huɗu suka rayu. Ba ta taɓa cewa ɗanta ba shi da lafiya ba, ko da yana shure-shure a hannunta. Ta ce ciwo yana da kunne, in ka kira sunansa a kan ɗanka sai ya zauna. Ta ce kuma mai kai ƙara wajen mutum ya raina kyautar Allah. Shekara sittin da ɗaya harshena na kan wannan hanya. Yanzu ana so ya juya cikin mako biyu.

Juma'a, bayan la'asar. Saura goma.

Kwano ya fito yadda ya shiga.

Anti Poh ta zo ta buga ƙofar ɗakinsa da sandarta. "Angona, fito mu yi tsere kafin su mai da mu kunkuru duka!" Bai fito ba. Ta juyo ta dube ni, ba wasa a fuskarta. Ta ce, "Salbiah, ni ina nan waccan shekarar. Bangonmu ɗaya." Ta riƙe hannuna. Hannunta sanyi.

Asabar, da hantsi. Saura tara.

Ina wanki ya fito. Ya dafa firij. Ya ce, "Mak, kawo makullin tagar in shanya miki kayan. Tunda zaman gida zan yi, in koyi aikin gida."

Muryarsa lafiya lau. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Na ce kayan ba su da yawa. Na ce hadari ya haɗo. Babu hadari. Na shanya su a kan kujeru da ƙofar banɗaki, gidan duk ya cika da ɗanshi.

Ya Allah. Ya Allah. Ya Allah.

Lahadi, bayan azahar. Saura takwas.

Na je wajen Malama Rosnah bayan karatun mata. Na gaya mata rabi. Na ce, "Malama, in na faɗa wa likita halin da yake ciki, ban kai ƙarar Ubangijina ba?"

Ta cire tabarau. Ta ce, "Kak Salbiah, yayata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, kuma bai ce ki ɓoye wa mai maganin ba. Ki ce alhamdulillahi, sannan ki ce ya faɗi. Duka biyun gaskiya ne, suna zama a baki ɗaya."

Na ce, "Bakin ne ya ƙi."

Ta ce, "To ni baki na koya miki ko hannu?"

Ban gane ba sai a bas.

Litinin, bayan la'asar. Saura bakwai.

Na bar littafin nan a kan tebur na sauka sayen maganin sauro. Ban sani ba ko mantuwa ce. Da na dawo na tarar da Hairi zaune a ƙasa, bayansa a jikin firij, littafin a cinyarsa, Tompok na kwance kan ƙafafunsa.

Na tsaya riƙe da leda.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Mak, rubutunki kamar tururuwa ta faɗa tawada."

Na ce, "Ba ni abina, marar kunya."

"Kuma lissafinki ba daidai ba ne. Zuwa lif ba ashirin da shida ba ne. Ashirin da uku ne. Ukun ƙarshe tukunyar furen Anti Poh nake dafawa, ke kina baya ba kya gani."

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Ya ce ranar Asabar ba santsi ba ne. Na ce na sani. Ya ce akwai wasu biyu da ban sani ba, ɗaya a banɗaki, ɗaya a hawa na shida na benen da ke bayan kasuwa, da miyar wani a hannunsa. Ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce. Ni ma na ɗaga kafaɗa. Likitar kyakkyawa ce, Mak, ban so ta gan ni ina jan ƙafa ba."

Na ce, "Au, ashe neman aure muka je."

Ya yi 'yar dariya, ido jawur. Sannan ya miƙo littafin ya ce, "Ki kai mata."

Na ce to, amma zan yage shafi biyu. Na buɗe wajen maganar taga. Na kama gefen takardar.

Ya ɗora hannunsa a kan nawa. Ya ce, "Bar shi. Shi ne ma abin."

Ya dubi zaren da ke wuyana. Shekara biyar ba mu taɓa maganarsa ba, ni da shi. Ya ce, "Ki ci gaba da riƙewa tukuna."

Na ce to.

Ya ci shinkafa rabin kwano.

Talata, bayan asuba. Saura shida.

Zuwa ga Likita Menon.

Ni ce Salbiah, uwar Zulhairi, mai rigar ruwan toka da ya shigo miki da ƙafarsa ranar Litinin ta makonni biyu da suka wuce. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girma na koya. In harshenmu ya yi miki wuya a takarda, matar da ke teburin gaba za ta karanta miki, na yafe mata ta ji sirrina. Wannan littafin ba don kowa na rubuta shi ba. Ban yage komai ba.

Kin tambaye ni tambaya biyu, ban ba ki amsa ba. Ga amsa.

Alhamdulillahi. Ɗana ba shi da lafiya. Shekara goma sha biyu ba shi da lafiya. Yana faɗuwa. Cikin makonnin nan ya faɗi sau uku, ɗaya na gani, biyu shi ya gaya mini. Abin da ya fi iyawa taku ashirin da uku ne, ba ashirin da shida ba, na gyara. Taku taran da kika gani na safe ne, bayan hutun kwana biyu, kuma ni na sa shi. Da na ce Allah ya kiyaye, addu'a nake yi, ba a'a nake nufi ba. Laifin nawa ne, ba naki ba.

Ni ma ba ni da lafiya. Ba na barci.

Ba na roƙon ki sa hannu a kan abin da ba ki gani ba. Ina roƙon ki sake ganinsa sau ɗaya, da yamma, bayan ƙarfe huɗu, ranar da ya yi aiki. Zai zo a kan kekensa har gaban teburinki, da rigar da ya wuni da ita. Ni zan zauna a bencin waje in riƙe bakina.

Ranar Litinin doka za ta fara. Asabar da Lahadi kuna rufe. Don girman Allah ki aiko mini da amsa kafin sallar Juma'a, ko e ko a'a, in san yadda zan yi da wata huɗu. Lambar wayarsa tana bangon littafin na baya, shi ya rubuta ta da kansa.

In kin gama ki mayar mini da littafin. Saura shafi goma sha biyu, kuma ina so in rubuta wani abu daban a cikinsu.